Tambaya kan kalmomin Turanci na ɓarkewa da sake dawowar cuta

Mai Fassarar Labarai ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aikin fassara a sashen labarai na wani gidan rediyo, kuma galibin aikina daga Turanci ne zuwa Hausa. A 'yan watannin nan sai aka ɗora mini mayar da wasu rahotannin wakilanmu zuwa Turanci domin shafinmu na intanet, kuma a nan ne na gane cewa akwai kalmomin da na yi shekaru ina fassarawa ba tare da na san iyakar kowacce ba. Idan labari ya zo da Turanci ba na shan wahala, domin da "ɓarkewa" da "ɓulla" da "annoba" sukan ishe ni. Amma idan daga Hausa zan tafi Turanci, sai in tarar da kalmomi kusan goma suna jirana: "outbreak", "epidemic", "flare-up", "resurgence", "recurrence", "relapse", "spate", "surge" da "outburst".

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne, wakilinmu ya aiko da rahoto cewa kwalara ta sake ɓulla a wata ƙaramar hukuma bayan an yi watanni ba a ji ɗuriyarta ba, sai na rubuta "a relapse of cholera". Editanmu ya soke kalmar ya sa "resurgence", bai kuma yi mini bayani ba saboda lokaci ya ƙure. Kafin wannan ma na taɓa rubuta "an outburst of measles" kan labarin ƙyanda, aka mayar da shi "outbreak". Na duba ƙamus, amma kowace kalma sai ta tura ni ga 'yar'uwarta. Ina roƙon masana su taimaka mini da bayanin da zan iya riƙewa a ka lokacin da aiki ya yi zafi, musamman abin da ya raba kalmomin ɓarkewar farko da na sake dawowa.

Likitar Yara ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan yi magana ne kan ɓangaren lafiya kawai, domin shi na sani, sauran kuma in bar wa malaman harshe.

Editanku ya yi daidai da ya soke "relapse", kuma dalilin shi ne wannan kalma ta mutum ɗaya ce, ba ta gari ba. Majinyaci ne yake yin "relapse", wato ya sami sauƙi har an fara murna, sai ciwon nan dai da aka ɗauka ya tafi ya sake kwantar da shi. Mai tarin fuka da ya gama shan magani aka sallame shi, bayan wasu watanni cutar ta dawo, shi ake faɗa wa haka. Ana kuma faɗa wa wanda ya daina shaye-shaye sannan ya koma. Ƙaramar hukuma ba ta kwanciya a gadon asibiti, saboda haka ba za ta yi "relapse" ba. Tambayar farko da nake ba ka shawarar ka riƙa yi wa kanka ke nan: a jikin mutum ɗaya abin ya faru, ko a cikin jama'a?

Idan a cikin jama'a ne, kalmar da ta fi aminci ita ce "outbreak". Ma'anarta a wurinmu ita ce an sami masu cutar fiye da yadda aka saba gani a wannan wuri a irin wannan lokaci. Ba yawan mutane kaɗai ake dubawa ba, ana duba abin da aka saba. Yara goma masu zazzaɓin cizon sauro a asibitin ƙauye cikin watan Agusta ba labari ba ne, amma yaro ɗaya tak da aka tabbatar yana da shan inna a ƙasar da aka daɗe ba a ga cutar ba, wannan "outbreak" ne, kuma haka hukumomin lafiya ke ɗaukarsa. Ita kuwa "epidemic" a ilimin yaɗuwar cututtuka kusan ma'anarsu ɗaya, sai dai an fi ajiye ta ga abin da ya yi faɗi ya game yanki. Cutar Ebola ta 2014 ta nuna bambancin sarai. Abin da ya faru a Najeriya, inda mutum 20 suka kamu a Legas da Fatakwal, 8 suka rasu, aka kuma ayyana ƙarshensa ranar 20 ga Oktoba na wannan shekarar, "outbreak" ne aka fi kiransa. Abin da ya faru a Gini da Laberiya da Saliyo, inda fiye da mutum 28,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, shi ne "epidemic". Haka nan sanƙarau na 1996 da ya kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, ya kashe fiye da 11,000, babu mai shakkar kiransa "epidemic". Idan abin ya tsallaka nahiyoyi sai ya zama "pandemic", kamar korona, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira da wannan suna ranar 11 ga Maris, 2020.

Akwai wata kalma mai kama da waɗannan a kunne, wadda nake yawan ganin 'yan jarida suna rikita ta, wato "endemic". Ita ba ɓarkewa take nufi ba, kusan kishiyarta ce. Cutar da ta zauna a wuri ta zama 'yar gida, kullum ana samunta, ita ce "endemic", kamar zazzaɓin cizon sauro a ƙasarmu, ko zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a 1969. Cuta tana iya zama 'yar gida kuma ta riƙa ɓarkewa lokaci zuwa lokaci, kamar yadda Lassa ke yi da rani, don haka ba saɓani ba ne ka ga kalmomin biyu a jimla ɗaya.

Tambaya ta biyu ita ce: abin sabo ne, ko dama an san shi ya lafa? A nan ne "resurgence" take shigowa. Tana nufin abin da ya taɓa yin ƙarfi, ya ja baya har aka ɗauka an ci galabarsa, sannan ya sake yunƙurowa. Mashaƙo, wato "diphtheria", da ya addabi Kano a 2023 misali ne mai kyau, domin cuta ce da rigakafi ya daɗe da danne ta har likitoci matasa da yawa ba su taɓa ganinta da ido ba. Shan inna ma haka. Daga Yulin 2014 ba a sake samun nau'in daji na cutar, wato na asali wanda ba daga ƙwayar rigakafi ya samo tushe ba, a Najeriya ba, har aka cire ƙasar daga jerin ƙasashen da cutar ta zauna musu a Satumban 2015, sai kuma a Agustan 2016 aka gano yara masu ita a Borno. Jaridu da yawa sun kira shi "resurgence", ko da yake binciken ƙwayar cutar ya nuna cewa ba tafiya ta yi ta dawo ba, tana nan tana yawo shekaru a wuraren da rikici ya hana ma'aikatan lafiya shiga. Sai ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da wannan nau'in. Game da labarinka na kwalara kuwa, "resurgence" ta yi, amma da ni ce zan fi son "a fresh outbreak of cholera", domin 'yan watanni na lafawa ba su kai a ce an taɓa cin galabar kwalara ba.

Bari in koma jikin mutum ɗaya, domin akwai abin da ya dame ni a nan. Iyaye sukan kawo yaro su ce zazzaɓin ya dawo, kuma a Hausa jimla ɗaya ce, amma a Turancin asibiti abubuwa uku ne mabambanta. Idan ba a gama shan maganin ba, ko maganin bai kashe ƙwayoyin da ke cikin jini duka ba, suka sake yawaita bayan 'yan kwanaki ko makonni, wannan "recrudescence" ne. Idan ƙwayar ta ɓuya ne a hanta ta yi barci, ta farka bayan watanni, wannan shi ne ainihin "relapse" a zazzaɓin cizon sauro, kuma nau'in vivax da na ovale ne ke yin haka, ba falciparum da ya fi yawa a ƙasarmu ba. Idan kuwa yaron ya warke sarai, wani sauron ya sake cizonsa, wannan "reinfection" ne. Kalmar da ta tattara ukun, idan ba ka san wanne ba ne, ita ce "recurrence". Bambancin ba na ado ba ne, domin na farko yana sa mu tuhumi maganin ko yadda aka sha shi, na uku kuma yana sa mu tambayi uwa ko yaron yana kwana cikin gidan sauro.

Ta ƙarshe ita ce "flare-up", wadda Hausa ta riga ta yi mata kalma daidai: ciwo ya tashi, ko ya motsa. Ana faɗarta ga ciwon da mutum yake zaune da shi, kamar asma ko gyambon ciki ko ciwon gaɓoɓi, wanda yakan lafa ya kuma tashi. Sai dai ka lura, tashin ciwon sikila "crisis" ake ce masa.

Malamin Turanci ya rubuta:

Likita, Allah ya saka da alheri, kin ɗauke mana rabin aiki. Abu ɗaya zan ƙara kan bayaninki kafin in shiga sauran kalmomin. A wajen asibiti Turawa sukan faɗaɗa "relapse" su ce ƙasa ta yi "relapse into civil war", wato ta koma cikin yaƙin basasa bayan an sami zaman lafiya. A nan an ɗauki ƙasar kamar majinyaci ne, kuma ita ce take komawa cikin halin, ba halin ne yake yin "relapse" ba. Saboda haka hukuncinki kan jimlar Malam yana nan daram.

Malam, abin da ya taimaki ɗalibaina shi ne sanin hoton da ke ƙarƙashin kowace kalma, domin yawancinsu aro ne daga wani abu da ido ke gani. "Flare-up" daga wuta take, irin garwashin da aka ɗauka ya mutu sai iska ta hura shi ya kama, shi ya sa ake faɗarta ga tsohuwar rigima tsakanin al'ummomi biyu da ta sake tashi, ba a faɗarta ga sabuwa. "Spate" asalinta cikar kogi ce, kuma daga bakin mutanen Sikotland da arewacin Ingila ta fito. Yau an fi amfani da ita ga abubuwa marasa daɗi da suka zo a jejjere cikin ɗan lokaci, kuma abubuwan da ake iya ƙirgawa, kamar "a spate of robberies" ko "a spate of attacks". Ba a cewa "a spate of cholera", amma ana iya cewa "a spate of cholera cases". "Surge" hauhawa ce mai ƙarfi kamar igiyar ruwa, kuma duk wanda wutar lantarki ta taɓa zuwar masa da ƙarfi ta ƙona masa firji ya san "power surge". Ita adadi take kallo, don haka ake cewa "a surge in prices" ko "a surge in cases", da "in", ba da "of" ba, idan ana nufin adadin abin ne ya ƙaru. "Eruption" ta dutse mai aman wuta ce, kamar Nyiragongo da ya yi amai kusa da birnin Goma na Kwango a Mayun 2021, daga nan aka aro ta ga rikici da ya ɓarke da kuma ƙuraje da suka feso. "Recrudescence" da Likita ta ambata kuwa daga kalmar Latin mai nufin ɗanye take, wato miki ya koma ɗanye bayan ya fara ƙamewa.

Kuskurenka na "an outburst of measles" kowa ya taɓa yin irinsa, domin "outburst" da "outbreak" sun yi kama a ido. Amma "outburst" daga cikin ƙirjin mutum take fitowa, fushi ne ko kuka ko baƙar magana da aka danne suka fashe lokaci guda, kamar "an angry outburst". Tana ɗaukar daƙiƙoƙi ko mintoci. "Outbreak" kuwa farkon abu ne da zai ci gaba ya yaɗu, cuta ko yaƙi ko tarzoma, kamar yadda littattafan tarihi ke cewa "the outbreak of the civil war" game da yaƙin basasar Najeriya da ya fara a Yulin 1967. "Burst" ita kaɗai gajeren abu ne mai ƙarfi da yake yankewa nan take, kamar "a burst of gunfire". Idan aikatau ce, ga ƙa'idar da ake yawan karyawa: "burst into tears" da suna, amma "burst out laughing" da aikatau mai ƙarewa da "ing". Dukansu Hausa ta ce ya fashe da kuka, ya fashe da dariya. Shuɗaɗɗen lokacinta kuma "burst" ne, babu "bursted".

Sai 'yan ƙanana biyu masu amfani. "Bout" kwanciya ɗaya ce ta rashin lafiya ga mutum ɗaya, kamar "a bout of malaria", "fit" kuma abin da ya turnuƙe mutum ne na ɗan lokaci, kamar "a fit of coughing". Akwai kuma "wave", wadda ku a gidajen rediyo kuka riƙa fassarawa da zagaye a lokacin korona, kamar "second wave" da ta zama zagaye na biyu, kuma a ganina fassarar ta yi kyau.

Ina so in ja hankalinka kan nahawun "outbreak" ɗin kanta. Suna ce, aikatau ɗinta kuma kalmomi biyu ne, "break out", saboda haka ake cewa "cholera broke out". Idan ka haɗe su ka rubuta "breakout" ka koma wata magana, domin an fi faɗarta ga fursunonin da suka fasa kurkuku. Sannan "fire outbreak" da jaridunmu ke rubutawa kullum Turancin Najeriya ne. Mai karatu a nan zai fahimta ba tare da ya tsaya ba, amma idan shafinku na neman masu karatu a waje, ka rubuta "a fire broke out at the market", ko ka ce "a fire" kawai, domin gobara ɗaya ba ta bukatar wata kalma ta tallafe ta.

Tafinta daga Damagaram ya rubuta:

Gaisuwa ga kowa. Mu da muka yi karatu da Faransanci muna da namu tarkon a wannan fage, kuma zai amfani Malam idan rahotanni daga Nijar suna biyowa ta hannunsa. A Faransanci "recrudescence" kalma ce ta yau da kullum, jaridun Yamai suna faɗarta ga hare-hare da sata da zazzaɓi da haɗarin mota. Idan ɗan Nijar ya koma rubuta Turanci sai ya ɗauko ta yadda take, alhali a Turanci baƙuwar kalma ce mai nauyi, wadda ba a cika gani ba sai a rubutun likitoci ko na masana. Abin da Faransanci ke nufi da ita a labarai, Turanci "upsurge" ko "resurgence" yake cewa. Haka kuma "épidémie" takan ɗauki ƙaramar ɓarkewa da babba duka, shi ya sa za ka ga rahoton da aka fassara daga Faransanci ya kira mutum ashirin da suka kamu a ƙauye ɗaya "epidemic", ya tayar wa mai karatu da hankali fiye da kima. Idan ka ga irin wannan, ka duba adadin da faɗin wurin kafin ka yarda da kalmar.

Mai Fassarar Labarai ya rubuta:

Likita, Malam, da ɗan'uwa na Damagaram, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na lura da wani abu ina karanta bayananku: wakilanmu da kansu sukan bambanta abin a Hausa, ni ne nake haɗe shi. Wanda ya rubuta cewa cuta ta ɓulla, da wanda ya ce ta sake kunno kai, da wanda ya ce hare-hare sun yawaita, da wanda ya ce tsohuwar rigima ta tashi, ba abu ɗaya suke faɗa ba, kuma kowanne yana da takwararsa a cikin kalmomin da kuka warware. Zan riƙa tsayawa kan aikatau ɗin da wakilin ya zaɓa kafin in buɗe ƙamus.

Saura tambaya ɗaya, Malam. Sanarwar hukumomi kusan kullum tana ƙarewa da alkawarin hana "reoccurrence", amma Likita "recurrence" ta rubuta. Kuskure ne ɗayan, ko kalmomi biyu ne?

Malamin Turanci ya rubuta:

Kalmomi biyu ne, Malam, kuma dukansu suna cikin ƙamus. Masu kula da harshe sukan raba su haka: "reoccur" shi ne abu ya sake faruwa, ko da sau ɗaya ne, ba tare da an nuna cewa ɗabi'arsa ce ba, "recur" kuwa shi ne ya riƙa dawowa a kai a kai, sau da yawa bisa wani lokaci da aka san shi. Ambaliyar da ke cin unguwa ɗaya kowace damina "recurring" ce, haka ma sanƙarau da ke zuwa da zafin bazara. Rushewar gada da ake fatan kada a sake gani kuwa, "reoccurrence" ta dace da ita. Sai dai a aikace Turawa da kansu sun fi amfani da "recurrence" ga duka biyun, har a jimlar "to prevent a recurrence", don haka idan ka yi shakka ita za ka ɗauka, kuma a maganar cuta ita ce kalmar likitoci. Ka kula da rubutun kawai: "recur" da "r" ɗaya a ƙarshe, amma "recurred" da "recurring" da "recurrence" duk ana ninka ta, ita kuma "reoccurrence" ana ninka mata "c" da "r" gaba ɗaya.